Ƙugiyar da Malam Lazarus Ya Ƙara

A wani lungu na unguwar Kagarawal, a cikin garin Gombe, akwai wani dattijo da ake kira Malam Lazarus. Mutumin ƙasar Tangale ne, aiki ya kawo shi Gombe tun yana da sauran ƙuruciya, ya yi akawu a wata ma'aikata har ya yi ritaya. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, ba a kuma taɓa jin ya ɗaga wa matarsa Theresa hannu ba. Aibinsa guda ɗaya ne, amma aibin ya ishi mutum goma. Malam Lazarus ba ya tambaya. In ka kawo masa labari, kafin ka rufe baki zai ce, "Ai na riga na ji." In ka ce ya je ya bincika, sai fuskarsa ta canza kamar ka zage shi. A ganinsa tambaya ta jahilai ce, shi kuwa ya yi boko.

Da ya bar aiki, ɗansa Danny ya aiko masa da babbar waya daga Abuja. Tun daga ranar dattijo ya sami sabon ofis a gindin dogonyaron ƙofar gidansa. Da safe zai fito da kujera, ya sa tabarau a kan hanci, ya shiga latsa. Yana cikin guruf goma sha ɗaya, uku shi ne mai riƙe da su. Duk abin da ya shigo wayarsa ba ya kwana. Maganin hawan jini da ganyen gwanda, hoton hatsarin motar da aka yi shekara shida da suka wuce, labarin mutuwar mutumin da ke nan da ransa yana cin tuwo, duk turawa yake yi. Kuma da yake tsofaffin matan cocinsu da yawa ba su iya karatu ba, sai ya riƙa karanta saƙo ya mayar musu da shi murya. Suna yi masa godiya, suna cewa shi ne idonsu. Wannan kirari ya fi masa nama daɗi.

Bayan layinsu akwai kwari. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san halin kwari. Ƙasar rairayi ce, ruwa kuwa daga tudu yake gangarowa da fushi. Lokacin da su Lazarus suka yi gini, yaro ma tsallake shi yake yi. Yanzu ko tirela ta faɗa ciki sai ka leƙa kafin ka gan ta. Gida goma sha bakwai ne suka juya masa baya a jere, kowace damina yana matsowa. Gidan da ke can ƙarshen gangare na wata gwauruwa ne mai suna Edna, mai sayar da kunun gyaɗa a tasha. Ɗaki uku mijinta ya gina mata kafin ya rasu, kuma tsakanin katangarta ta baya da ramin taku huɗu ne kacal.

Mutanen lungun suna da kwamiti a kan wannan kwari. Suna zama Asabar ɗin farko ta kowane wata a farfajiyar makarantar firamare, Musulmi da Kirista, maza da mata. Sakatarensu Malam Jalo ne, Bafulatani haifaffen Jekadafari, tsohon malamin makaranta. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Lazarus, shekara ashirin da shida. Naman Sallah ya tsallaka katangar nan, shinkafar Kirsimeti ma ta tsallaka. Duk wata sai Jalo ya tsaya a gindin dogonyaro.

"Baban Danny, yau fa akwai zama. Tashi mu je."

"Ku dai ku je ku sha rana," in ji Lazarus, yana ɗaga waya. "Ni yaƙina a nan nake yi. Saƙo ɗaya nawa ya fi zamanku goma."

"To Allah ya ba ka nasara, Janar," in ji Jalo, ya yi dariya ya wuce.

Shekara uku kwamitin nan yana rubuta takarda, yana hawa benen ofisoshi yana sauka. A ƙarshe aka amsa musu. Aka ce ma'aikata za su zo su auna, su rubuta gidajen da ke cikin haɗari, a jera musu duwatsu cikin ragar waya kafin ruwa ya sauka. A wurin zaman nan, don gajarta magana, sun saba kiran gidaje sha bakwai ɗin nan "gidajen baki", wato na bakin kwari, sauran kuma "gidajen tudu". Duk mai zuwa taro ya san wannan. Lazarus bai taɓa zuwa ba.

Ranar wata Litinin Jalo ya rubuta sanarwa a guruf ɗin kwamiti, sannan ya tafi Dukku gaisuwar rasuwa. Wani ya ɗauki hoton saƙon, ya tura wa wani, wani ya tura wa Lazarus, da tambaya a ƙasa: "Baba, ka ga wannan?" Ga abin da ke rubuce:

"Sanarwa. Ranar Laraba da safe ma'aikata za su zo su yi wa gidajen baki alama da jan fenti. Duk wanda aka yi wa gidansa alama ya fito da takardun gida. Sauran gidaje babu ruwansu. Kada kowa ya yi nisa."

Kowa ya san yadda ake rubutu a waya. Ba a sa wa harafi ƙugiya. Ƙasa da kasa duk ɗaya ake rubuta su, mai karatu ne ke zaɓen wadda ta dace. Jalo baki ya rubuta, kuma baki yake nufi. Lazarus ya gyara tabarau, ya ɗauko ƙugiya daga cikin kansa ya rataya wa kalmar. Ya karanta "gidajen baƙi".

Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Maman Danny! Zo ki ji abin da ake ƙulla mana!"

Theresa ta fito da kumfar wanki a hannu. Ya karanta mata, yana danna kalmar da ƙarfi. "Baƙi! Kin ji ko? Mu ke nan, mu da muka zo daga kudu. Jan fenti kuwa kin san ma'anarsa, rusau ne. Sauran gidaje babu ruwansu! Shekara ashirin da shida, ashe har yau baƙi muke."

"Wa ya rubuta?"

"Ga sunansa nan a sama. Jalo."

Theresa ta goge hannu a zani. "Malam Jalo da ya kai ni asibiti a motar haya ranar da kake Billiri? Kai, Baban Danny. Kira shi mana. In ba ya nan, ga Asta matarsa a gida, taku goma ne. Bari in leƙa in tambaye ta."

"Kada ki kuskura! Sai su faɗa miki gaskiya? Wanda ya haƙa maka rami zai ce maka ga rami nan? Ni na yi shekara talatin da biyar ina karanta takardun gwamnati. Ba a koya min karatu."

"Karatun ai ban ce ba ka iya ba. Tambaya na ce."

"Koma wankinki."

Ta koma. Shi kuwa ya gyara murya, ya danna waya, ya yi magana ta minti huɗu. Ya ce 'yan'uwa su farka. Ya ce ya ga takarda da idonsa, an shirya za a yi wa gidajen baƙi alama ranar Laraba a rushe su. Ya ce za a nemi takardun gida ne don a karɓe, kada wanda ya bayar. Ya ce duk wanda ya ji ya tura wa na gaba, kada saƙon ya tsaya a hannunsa. Ya aika guruf goma sha ɗaya, ya ɗaga kujerarsa ya zauna, ransa fari ƙal, yana jin ya ceci jama'a.

Kafin la'asar saƙon ya kai Kaltungo, ya kai Jos, ya kai Abuja. Da ya juyo ya dawo, har an ɗaura masa hoton katafila tana ture gini a wani gari da ba wanda ya san sunansa. Wani dattijon cocinsu mai suna Elias, wanda ke zuwa taron kwamiti, ya rubuta a guruf cewa ba haka maganar take ba, a saurare shi ya yi bayani. Lazarus ya cire shi daga guruf ɗin nan take, ya ce an saye shi.

Ranar Talata da hantsi Edna ta zo gindin dogonyaro, ko tasha ba ta je ba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Lazarus, abin nan da na ji a muryarka, da gaske ne?"

"Da idona na karanta, Maman Titus."

"To ni ina zan sa kaina? Gidan nan shi kaɗai mijina ya bar min."

"Ki ji shawarata. Ki kwashe takardunki ki kai su nesa. Ki kulle gida ki tafi. Gidan da ba kowa, wa za su tambaya takarda?"

"Ina da ƙanwa a Kwadon."

"Yauwa. Je ki zauna can sai na kira ki. Kuma duk wanda ya buga miki waya da daɗin baki, kada ki yarda. In ba muryata kika ji ba, kada ki motsa."

Ta yi godiya har da hawaye. Da azahar ta sa kwaɗo a ƙofa, ta hau mota.

Ranar Laraba da safe farar mota ta tsaya a bakin lungu. Mutum huɗu suka sauko da igiyar awo da bokitin jan fenti. Shugabarsu wata matashiyar injiniya ce mai suna Najeeba, ta ɗora hular kwano a kan hijabi. Suka tarar an gindaya benci a hanya, samari na zaune a kai, mata na tsaye a baya. Ta yi sallama, ba wanda ya amsa. Ta fara bayani, ihu ya danne muryarta. Wani ya sa ƙafa ya shure bokitin, fentin ya wanke mata siket da takalmi. Malam Lazarus na gefe, ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoto, yana cewa, "Duniya ta gani! Duniya ta gani!"

Ana cikin haka Jalo ya iso a kan babur, ko gida bai shiga ba daga Dukku. Ya kutsa tsakiya yana tambayar abin da ya faru. Wata mata ta kunna masa saƙon muryar a fuskarsa. Ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juya ya dubi maƙwabcinsa.

"Baban Danny, nuna min takardar da ka gani."

Lazarus ya miƙa wayar da ƙarfin hali. "Ga ta. Ko za ka ce ba kai ka rubuta ba?"

"Ni na rubuta." Jalo ya ɗaga murya yadda ya saba a aji, ya karanta sanarwar a fili. Da ya zo kan kalmar ya tsaya, ya sa yatsa a leɓensa. "Baki! Baki, jama'a! Bakin kwari! Gida sha bakwai ɗin da ruwa ke shirin ci! Na farko a jerin gidan Alhaji Bamanga ne, wanda kakansa a garin nan aka binne shi. Shi ma baƙo ne? Na huɗu gidana ne. Ni zan sa a rushe gidana? Na biyar naka ne, Lazarus. Shekara uku muna roƙo a zo a tare mana ramin nan, yau an zo, kun yi musu wanka da fenti!"

Lazarus ya karɓi wayarsa ya sake duban kalmar. Harafi huɗu ne, babu ƙugiya ko ɗaya. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Samarin suka fara janye benci a hankali, kowa na kallon wani wuri.

Najeeba ta matse bakin siket ɗinta, ta yi magana ba tare da ɗaga murya ba. "Baba sakatare, yau kam ba zan sa mutanena su yi aiki a nan ba. Amma ba zan hukunta mai gaskiya saboda wani ba. Duk mai gida a bakin kwarin nan ya kawo takardunsa ofis kafin sha biyun ranar Juma'a, in shigar da shi. Bayan nan na'ura za ta rufe rajista, ko ni ba ni da mabuɗinta. Gidan da bai shiga ba, sai wani zagayen, kuma ban san ranarsa ba."

Suka shiga mota suka tafi.

Da a nan labarin ya tsaya, da kuskure za a kira shi, kuskure kuwa na kowa ne. Abin da ya biyo baya shi ne laifin.

Mutanen da suka ji bayanin Jalo ba su fi arba'in ba. Waɗanda suka ji muryar Lazarus sun fi dubu. Masu gidaje huɗu na ƙarshen gangare duk ba sa wurin, sun kulle sun gudu saboda tsoron rusau. Da yamma Jalo ya zo gindin dogonyaro, bai zauna ba.

"Na kira Maman Titus sau uku. Ta ce ka hana ta yarda da kowa. Sauran ukun ko ɗauka ba sa yi. Baban Danny, muryarka ce ta ɓata, muryarka ce za ta gyara. Minti ɗaya ya isa. Ka ce ka yi kuskuren karatu, su zo da takardunsu."

"Zan duba," in ji Lazarus, idonsa a ƙasa.

"Jibi ne fa Juma'a."

"Na ce zan duba."

Jalo ya girgiza kai. "Abin da ya fi min ciwo ba fentin ba ne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ka fi yarda da cewa zan rushe maka gida a kan ka ƙwanƙwasa min ƙofa." Ya juya ya shiga gida.

Lazarus ya ɗauki waya. Ya danna wurin ɗaukar murya, ya ce, "'Yan'uwa," sai ya tsaya. Ya tuna matan da ke cewa shi ne idonsu. Ya tuna Elias da ya kora. Ya ga kansa ranar Lahadi yana shiga coci ana taɓa juna ana murmushi. Tsohon akawu, ya kasa karanta harafi huɗu! Ya fasa. Maimakon haka sai ya bi guruf ɗaya bayan ɗaya yana goge saƙonsa, kamar kyanwa na binne kashinta.

"Ka aika?" in ji Theresa.

"Na goge. Magana ta ƙare."

"Ka goge a ina? A kunnen mutane?"

"Ke, ruwa ba ya tsami banza. Wa ya san abin da ke bayan rajistar nan? Bari a ga yadda za ta kaya."

"Ka san gaskiya, Baban Danny. Kunya kake ji. To kunyar yau ƙarama ce, wadda ke tafe ta fi ta."

Ranar Alhamis wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, sunan Edna ne. Ya riƙe ta a hannu tana ruri har ta gaji ta yi shiru. Edna ta sake kira. Ya kifa wayar a kan cinyarsa, ya ce a ransa gobe da safe zai kira ta, in hankalinsa ya kwanta. Da gari ya waye ya ce bari ya karya tukun. Da ya karya ya ce bari ya tsara kalmomin da zai faɗa. Yana tsarawa har aka fara kiran sallar Juma'a.

Gida goma sha uku suka shiga rajista. Huɗu na ƙarshe ba su shiga ba.

Bayan mako biyu manyan motoci suka fara sauke duwatsu. Ma'aikata suka bi layi suna sa jan fenti, wannan karon ba wanda ya ce uffan. Lazarus na zaune ya ga an tsaya a ƙofarsa an rubuta lamba biyar. Ya shiga gida da sauri.

"Wa ya kai takardunmu?"

"Ni," in ji Theresa, tana tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ranar Juma'a da safe, kana tsara kalmomi. Na ɗaure su a zani na hau Keke mai ƙafa uku. Girman kanka naka ne, amma gidan namu ne mu biyu."

Ya koma kan kujerarsa. Aka jera masa duwatsu a bayan gida, cikin raga mai kauri, har tsayin mutum. Aikin ya bi gangare ya tsaya cak a gida na sha uku.

Edna ta gaji da jiran kira ta dawo da kanta. Hanyar gidanta ta ƙofar Lazarus take bi. Ta tsaya ta dubi jar lambar da ke jikin katangarsa, ta dubi dattijon, ta wuce da ƙunshin kayanta a ka. Daga ranar Lazarus ya mayar da kujerarsa cikin gida. A coci ya bar bencin gaba ya koma kusa da ƙofa, ana idar da addu'a ya fice. In ya hango ta tafe da bokitin kunu, sai ya tuna ya yi mantuwa a ɗaki.

Ruwa ya sauka. Na Yuni ya wuce lafiya, na Yuli ya ci taku biyu daga cikin huɗun nan na bayan gidan Edna. Ranar wata Talata a cikin Agusta, da misalin ƙarfe biyu na rana, sama ta buɗe. Awa uku ana zuba. Ruwan ya gangaro ya daki duwatsun gidaje sha uku ya kasa, sai ya tattara ƙarfinsa duka ya auka inda duwatsu suka ƙare. Mutane suka ji ƙara kamar an sauke tifa. Ɗaki biyu na Edna suka tafi, da gado, da akwatin tufafinta, da keken ɗinkin marigayi mijinta. Allah ya taimake ta, tana tasha.

Da ruwa ya tsagaita jama'a suka taru. Theresa ta ɗauko wa mijinta takalmi ta ajiye a gabansa. "Tashi. Yau babu ɗakin da zai ɓoye ka."

Ya tarar da Edna tsaye a tsakar gidanta, wanda yanzu ya zama bakin rami. Ba ta kuka. Jalo da samari suna jawo kwanon rufi daga laka. Da ta ga Lazarus sai ta juyo gaba ɗaya, mutane suka buɗa.

"Maman Titus," ya ce, "sannu. Allah ya mayar da alheri."

"Amin. Baba Lazarus, tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa min a gaban mutane. Ranar da na kira ka sau biyu, ka riga ka san gaskiya?"

Idon kowa na kansa.

"Na sani."

"Wayar na hannunka?"

"Tana hannuna."

Ta gyaɗa kai. "Ni ban yi boko ba. Da aka ce ga rubutu, sai na zo wurin mai ido. Da ka karanta ba daidai ba, ban riƙe ka ba, ido yakan yi kuskure. Amma ka gane, ka gyara naka gidan, ka bar ni a Kwadon ina yi maka addu'a."

"Ba ni na kai takardun ba, matata ce…"

"To Allah ya yi mata albarka. Ni ba ni da mai kai min."

Ya tsaya a cikin laka, ruwa na ɗiga daga tabarau, ya rasa inda zai sa idonsa. A wurin, a gaban kowa, ya fito da waya ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun watan Mayu. Ya ce shi Lazarus ya yi kuskuren karatu, ya gane, ya ɓoye, kuma gidan gwauruwa ya faɗi saboda shi. Ya roƙi Jalo gafara da sunansa, ya roƙi Elias. Ya aika guruf goma sha ɗaya. Ƙaryar ta kai Abuja cikin wuni guda. Gaskiyar ko Kwadon ba ta kai ba, don ba wanda ya tura ta gaba. Mutum uku suka amsa, ɗaya ya rubuta, "Shi ma sun saye shi."

Ɗakin da ya rage ya tsage daga sama har ƙasa, ba ya kwanuwa. Ranar Asabar aka kawo a-kori-kura don kwashe sauran kayan Edna zuwa Kwadon. Lazarus ya zo da kansa, ya kama tukunyar kunu zai ɗora. Ba ta hana shi ba. Da aka gama ta kulle ƙofar, ta tsaya tana juya mabuɗin a hannu.

"Maman Titus, ki yafe min."

"Na yafe, don ni ma ina neman a yafe min. Amma yafiya ba ta rufin ɗaki." Ta miƙa masa mabuɗin. "Riƙe. Ranar da wannan ma ya faɗi, kai za ka kira ni ka faɗa min. Amma ka zo ka gani da idonka tukun."

Motar ta tashi. Har yau mabuɗin na aljihunsa. Duk ranar da aka yi ruwa, mutanen lungu sukan ga dattijo da lema yana gangarawa shi kaɗai, ya wuce gidaje sha ukun da duwatsu ke tsare da su, ya je ya tsaya a ƙofar da ba kowa a bayanta.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Rubutun waya ba ya zuwa da fuskar mai shi, ba ya zuwa da muryarsa, sau da yawa ko ƙugiyarsa ba ya zuwa da ita. Abin da ya rage kai ne ke cikawa, kuma in ba ka yi hankali ba da tsoron da ke zuciyarka za ka cika. Don haka kafin ka tura, ka nemi wanda ya rubuta ka tambaye shi, tambaya ba ta rage wa kowa girma. Ka kuma riƙa zuwa inda ake zama a kan al'amuran unguwarku, don wanda ba ya zuwa taro ba ya jin yaren taro, kuma latsa waya a inuwa ba ya tare kwari. In kuwa ka riga ka yaɗa abin da ba haka ba, to ka fito da bakin da ka ɓata ka gyara, a ranar, da ƙarfin da ka yi na farko. Gogewa a ɓoye ba gyara ba ce. Kunyar cewa "na yi kuskure" ta wuni ɗaya ce. Wanda ya guje mata, wani ne zai biya da rufin ɗakinsa, shi kuma ya ɗauki wadda ba ta saukuwa.